Garuruwan da ke Bakin Ƙwaryar Kaka

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ita da ba ta iya zama sai da littafi a cinya. Karatun tarihi take yi, kuma duk abin da ta gani a makaranta sai ta kwaso ta zube mini, sai ka ce ni na aike ta. Ran nan da hantsi ta buɗe mini wani shafi ta ce, "Hajiya, dubi yadda mutanen Meziko na dā suke rubuta sunan gari." Na ce ina ruwana da Meziko, ni da ko Jidda sai da dalili nake zuwa. Ta ce in dai duba.

Na sa tabarau na duba. Ɗan tudu ne a dunƙule, an shafa masa kore, a kansa kuma tsiro. Wani tudun kara ne a kansa, wani fure, wani kuwa itace ne da haƙora a jikin kututturensa, wallahi haƙora irin na mutum. Ta ce yarensu Nahuwatil ake ce masa, kuma garuruwansu da yawa sunan tsiro gare su, garin kara, garin fure, garin itace kaza. In za su rubuta sunan gari sai su zana tsiron. Da Turawan Sifen suka ci ƙasar, masu zanen suka ci gaba da aikinsu a kan takarda, wani kuma yana bi yana rubuta sunan da boko a gefe, saboda wanda bai san itacen ba.

Na daɗe ina kallon ƙananan rubutun nan na gefe. Sai na ji bakina ya ce, "Su sun yi sa'a. Mu ba mu sami mai rubuta mana a gefe ba." Yarinyar nan ta tsare ni da ido, ta ce sai na faɗa mata su wane ne mu. Na faɗa mata, ta ce in rubuta. To ga shi ina rubutawa, in hannuna ya gaji ita ta jawo.

A Misfala aka haife ni, wata unguwa a Makka, can gangaren Harami, tun ana gina ɗaki da garwar kananzir. A buɗe garwar a buge ta ta miƙe, a kafa a jikin katako, shi ke nan an yi bango. Da rana bangon nan ba ya taɓuwa. In ka ɗaga kai ba abin da za ka gani sai duwatsu baƙaƙe da tantabaru. Itace kuwa, abin da na sani shi ne magarya ɗaya da ke bayan wani gida a hanyar kasuwa, sai dabinon da nake gani a jikin akwatin alewa. Gonata duk duniya rihani ne, ɗan tsiro mai ƙamshi da na shuka a cikin rabin garwa, na ɗora a kan katangar tsakar gida. Da ruwan alwala nake ba shi, don ruwa a Misfala a kafaɗar mutum yake zuwa, ba a wasa da shi. Kakata, uwar Baba, kullum sai ta tsokane ni a kansa. "Sarkin noma, yaushe za a yi girbi? A ajiye mini dami ɗaya." Ni kuma in ce mata tsohuwa ba ta da rabo a gonata.

Da ƙafa Kaka ta zo Makka. Tana matashiyar mace suka taso daga ƙasar Hausa ita da Kakana, da niyyar su sauke farali su koma. Hanya ta riƙe su. Nan su yi damina su yi noma, can su yi tsintar auduga, gaba su yi jinya. A Sudan aka haifi Baba, kuma da ƙafarsa ya shigo Makka yana ɗan yaro. Kakana bai daɗe da isowa ba Allah ya yi masa rasuwa, Kaka ta zauna, zaman da ya zama na har abada. Garin da suka fito kuwa, ban taɓa jin an kira sunansa a gidanmu ba. "Gida" kawai ake cewa. Tuwon gida, ruwan gida, yadda ake yi a gida. Ban taɓa tunanin gida yana da wani suna ba, yadda ban taɓa tambayar sunan Kaka ba.

Akwai kuma abin da ba a faɗa sam. Kaka ta bar ɗa a can, ɗanta na fari, wanda aka yaye daf da tafiyarsu aka bar shi wurin uwar mijinta. Wanda ya san matan Hausa na wancan zamani ya san yadda suke da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a nuna ana son sa, in ana zancensa uwa sai ta kau da kai ta kama wani aiki. Kaka ta ɗauko wannan kunya ta ratsa daji da rairayi da teku da ita, ba ta zubar da ko kaɗan ba. Baba da kansa sau ɗaya ya ji mahaifinsa ya ce masa yana da wa a gida, kuma "yaron" kawai ya ce.

Sana'arta a can zanen ƙwarya ne, irin wanda ake sa wuƙa a garwashi ta yi ja a ƙona zanen. A Makka ba duma, ba ƙwarya sai kwanon ƙarfe, don haka sana'ar ta mutu a hannunta, ta koma sayar da ƙosai a bakin lungu. Abin da ya rage ƙwarya ɗaya ce babba, ta yi ja don tsufa, an ɗinke ta a wuri biyu, tana rataye a ragaya a ɗakinta. Wuƙar zanen tana cikinta a naɗe da tsumma.

A kewayen bakin ƙwaryar nan Kaka ta zana hanyarsu. Ɗan tudu, tsiro a kansa, ɗan tudu, tsiro a kansa, har suka zagaye. Garuruwan ƙasar Hausa da yawa sunan itace gare su, to sai ta zana itacen. Da suka fita ƙasar da ta san sunayenta, sai ta riƙa raɗa wa wurare suna da kanta, da abin da ya fi yawa a wurin. Akwai giginya doguwa mai ciki a tsakiya, akwai goruba mai reshe biyu, akwai auduga da ta fashe. Waɗannan Baba ya san su, shi ya gaya mana. Akwai kuka, ƙatuwa, wadda shi ma ya gani a Sudan. Kusa da kukar kuma akwai wani zane da ba mu buƙaci kowa ya fassara mana ba: abu ne mai faɗi a sama kamar rumfa, da ginshiƙi a tsakiya, ga igiyoyi sirara sun sauko, kowace da ɗan dunƙule a ƙarshenta.

Duk yaron da aka haifa a Misfala ya san wannan. Fitilun Harami ne. A lokacin rumfunan nan na dā suna nan, masu ƙananan ƙubbobi, fitilu suna reto a jikin sarƙa daga sama. In muka bi Kaka sallar magariba, ni ban cika kallon komai ba sai su. Saboda haka lissafinmu ya tafi daidai: fitilu su ne Makka, ƙarshen tafiya, kukar da ke gefensu kuma ita ce farkon tafiya, tunda bakin ƙwarya zagaye yake, ƙarshe da farko dole su yi maƙwabtaka. Na tuna ina ƙarama na ɗora yatsa a kai na ce, "Kaka, ga fitilunmu." Ta dube ni ta yi ɗan murmushi ta ce, "Haka kika gani?" Ta karɓe ƙwaryar ta mayar ragaya, ta ce in je in duba ko wake ya jiƙa.

Da azahar, lokacin da zafi yake kwantar da unguwa har ƙuda ba ya motsi, sai in saci ƙwaryar in kwanta rigingine a inuwar katanga ina juya ta a kan ƙirjina. Ina juyawa ina tafiya. In shiga ƙarƙashin kuka in ga ta kai Dutsen Abu Ƙubais na gefen Harami tsawo, mutane suna zaune a gindinta ba wanda yake korar wani, don a tunanina a gida inuwa ta ishi kowa. In wuce giginya in ji iska tana kaɗa ta da ƙarar garwa, tunda ban san kukan ganye ba. Wani lokaci barci ya ɗauke ni a tsakiyar hanya, sai in ga ruwan sama ya sauko daga duwatsu yadda yakan yi ya bi ta Misfala, amma maimakon tsummoki da katako, itatuwan Kaka ne yake kawowa a tsaye, ɗaya bayan ɗaya, suna rusunawa su wuce ƙarƙashin tagogin katako na manyan gidaje. Ina farkawa in ga bakin ƙwaryar ya yi mini shaida a kumatu.

Na zama budurwa lokacin da Kaka ta fara mantuwa. Da farko gishiri ne, ta sa sau biyu ko ta ƙi sawa. Sai ta fara tsayawa a tsakiyar magana tana lalube. Larabcin da ta tsinta a Makka shi ya fara tafiya, ta daina gane mai kawo ruwa in ya yi sallama. Daga nan sunaye suka bi. Ni ta koma kirana "ke mai gona", kuma na gode Allah da ko wannan ya tsaya.

Abin da ba mu zata ba, mantuwar ta haɗa da kunyar ta tafi da ita. Wata safiya ina shara na ji ta daga ɗaki tana cewa, "An ba yaron kununsa?" Na ce wane yaro. Ta ce, "Yarona mana." Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Tun daga ranar ba ta da zance sai nasa. Ta kama hannun Baba ta ce, "Ka aika a gaya masa ban manta ba. Cewa na yi zan dawo, hanya ce ta yi tsawo. Ka aika tun ina numfashi." Baba ya durƙusa a gabanta, mutum da furfurarsa, ya ce, "Inna, zan aika. Ki gaya mini sunan garin." Ta buɗe baki, ta dubi rufin ɗaki, ta dube shi. Ta ce, "Gida mana." Sunan yaron ma haka. Ta riƙe shi a ciki shekara da shekaru ba ta furta ba, ranar da ta so furtawa ta neme shi ta rasa.

Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba, kuma har da haushi, ban san ko na wa ba.

Baba tela ne, yana da ɗan shago a bakin hanyar da alhazai suke bi zuwa Harami. In lokacin aikin hajji ya zo, shagon nan cika yake da mutanen ƙasar Hausa, ana shan shayi ana ba da labarin ruwan bana. Sai ya sa tambaya a gaba: wa ya san wani gari mai sunan kuka, inda wata mai zanen ƙwarya ta tafi Gabas da mijinta ba ta dawo ba? Kai, ashe garin Kuka ba ya ƙirguwa! Wannan ya ce akwai a ƙasar Katsina, wancan ya ce tasu ce ta Haɗeja, wani Bazamfare ya rantse a bayan gidansu take. Baba ya bi kowa da saƙo da ɗan gwangwanin zamzam. Shekara ta zagayo, waɗanda suka zo suka ce an tambaya, ba a san ta ba. Aka sake aikawa wasu Kukokin, aka sake jin shiru. Ƙwaryar kuwa ba wanda ya yi tunanin kai ta shago. Kayan ɗakin mace ne, kuma a ganinmu mun riga mun karanta ta.

Kaka tana ta ƙanƙancewa. In ta ji takun baƙo a lungu sai ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan aiken ne?" Ni ce mai cewa a'a, har na tsani bakina.

Ana haka wata shekara aka sauke mana baƙuwa. A lokacin an fara zuwa da mota da jirgin ruwa, tafiyar da ta ci wa Kaka ƙuruciya ta koma ta watanni. Matar daga kudancin ƙasar Katsina take, gajera, mai murya kamar tana kiran wani a gona, sana'arta daddawa. Ta zo mana da ita tsaraba, ƙamshin ya cika gidan har maƙwabta suna leƙe. Goggo nake ce mata. Ba ta raina abin faɗa: ta ce ruwanmu ɗumi, tuwonmu na shinkafa ba ya riƙe ciki, Hausata kuma an jiƙa ta da Larabci har ta yi laushi. Na amsa mata da Larabci, "Ɗayyib, Goggo," don in ƙara ba ta haushi.

Wata rana da la'asar ta dawo daga Harami ta ce fura take so, kuma ita ba za ta dama fura a kwanon ƙarfe ba, ba ta yi lalacewar nan ba. Ta hango ragaya ta ce in sauko mata da waccan. Na ce ta Kaka ce, ba a ci a ciki. Ta ce to a bar ta ta gani ko ido ya ci. Ta karɓa ta juya ta a hannu tana duba zanen.

"Ikon Allah," in ji ta. "Wa ya zana ɗorawa haka? Har da furenta."

Na ce, "Wace ɗorawa? Fitilun Harami ne, Goggo."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Fitilun wa? Ke 'yar nan, daddawar da kike zubawa a miya kullum, daga ina kike tsammani take fitowa, daga sarƙa? Wannan ɗorawa ce. Haka take yi da bazara, fure ja jawur, dunƙule kamar tuntun hula, kowanne yana reto a igiyarsa. Ga kututturen, ga inuwar. Ga dutse ma a ƙarƙashinta."

Na tsaya baki buɗe. Duk rayuwata ina cin 'ya'yan itacen nan, ban taɓa sanin kamarsa ba.

Goggo ta ɗora yatsa ta fara bi. Ɗorawa a kan dutse. Sai kuka. Sai rimi da layin ruwa a ƙarƙashinsa. Ta koma baya ta sake bi, tana motsa baki. Ta ce garuruwa masu sunan ɗorawa suna da yawa, amma wanda za ka tashi daga shi ka kwana a Kuka, ka wayi gari ka ƙetare rafi a Rimi, ɗaya ne tak, kuma ta sha cin kasuwarsa tana sayen kalwa. Ɗorawar Dutse ake ce masa.

Na ruga shago ko mayafi ban gyara ba. Baba ya zo ya karɓi ƙwaryar, ya ce to in wannan ba Makka ba ce, ina Makka? Muka duba. Tsakanin zane na ƙarshe, wata 'yar ciyawar bakin teku, da ɗorawar, akwai fili wanda bai fi faɗin yatsa biyu ba, ba komai a ciki. Da can mun ɗauka kuskuren awo ne. Baba ya daɗe yana kallon wurin, sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya ce yanzu ya tuna. Yana yaro a hanya, duk ranar da ya ga Inna ta sa wuƙa a garwashi, ya ji ƙaurin ƙwarya, to ya san gobe za a ɗaura kaya. Ba ta zana gari ranar da ta shige shi, sai ranar da za ta bar shi. Makka ba ta kan ƙwaryar domin ba ta bar ta ba.

Goggo ce ta shiga ɗakin Kaka, muna biye. Ta durƙusa ta gaishe ta yadda ake yi a can, doguwar gaisuwa, sannan ta matsa kusa da kunnenta ta ce, "Iya, Ɗorawar Dutse suna gaishe ki."

Kaka ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Ta ɗaga yatsa ta ɗora a leɓe. "Ku yi a hankali," in ji ta, murya ƙasa ƙasa. "Barci yake a gindinta. Na shimfiɗa masa zanena. In ya farka ya ga na tafi zai yi kuka."

Goggo mai bakin nan ta fita tsakar gida ta rufe fuska da mayafi. Ni ban iya fita ba, Kaka tana riƙe da hannuna.

Da alhazai suka tashi komawa, Goggo ta ɗaure zamzam da dabino da wani tsohon zanen Kaka a cikin kayanta. Ta ce ko da rarrafe sai ta je, kuma ba sai an gaya mata sunan kowa ba, ƙauye ne, kowa ya san ɗan wadda ta tafi Gabas. Muka shiga jira. Shekarar nan ita ce mafi tsawo da na sani. Kaka ta daina tashi, ta daina tambayar ɗan aike, wani lokaci ta yini ba ta ce uffan ba. Ina ba ta kunu da cokali ina ce mata, "Tsohuwa, kada ki kuskura ki tafi ba ki ci girbin gonata ba." Wata rana ta yi murmushi, wata rana ko kallona ba ta yi. Na matsar da garwar rihanin zuwa bakin ƙofarta don iska ta riƙa kai mata ƙamshin.

Ta kai. Allah ya nufa Kaka ta kai shekarar da ranta. Da alhazan shekara ta gaba suka fara shigowa, wani dattijo maƙwabcin Goggo ya yi sallama a shagon Baba da ɗan burgami na fata. Ya ce Goggo ta je. Mutumin yana nan da ransa, manomi ne, gemunsa fari fat, yana da jikoki. Ɗorawar ma tana nan. Da aka ba shi zanen ya daɗe yana riƙe da shi. Da Goggo ta gaya masa abin da uwarsa ta faɗa, sai ya tashi ya shiga rumbu ya ɗebo garin ɗorawa ya cika burgamin, ya ce a kai mata. Ya ce a gaya mata ya farka, an ba shi kununsa, kuma bai yi kuka da yawa ba.

Baba ne ya faɗa mata, a hankali, sau biyu. Ban san ko ta gane ba. Na buɗe burgamin, gari ne rawaya mai laushi, na dangwala a yatsa na sa mata a baki, na sa wa kaina. Zaƙi ne mara ƙarfi, yana manne wa dasashi. Ta daɗe tana tsotsa, idonta a rufe. Sai ta buɗe ido ta dube ni sosai, irin kallon da ta yi shekaru ba ta yi mini ba.

"Ke mai gona," ta ce. "Sa mini wuƙa a wuta."

Na waiwaya na dubi Baba. Fuskarsa ta sauya, ya juya ya fuskanci bango. Na so in ce garwashi ya mutu, na so in ce wuƙar ta ɓata. Ban ce ba. Na kwance tsumman, na hura wuta, na sa wuƙar har bakinta ya yi ja. Muka tayar da ita zaune, na jingina ta a ƙirjina, na riƙe mata ƙwaryar. Hannunta ba ƙarfi, na tallafe shi daga ƙasa, amma ita take ja. Hayaƙi siriri ya tashi, na ji ƙaurin da Baba yake faɗa, karo na farko a rayuwata.

Ina jira in ga me za ta zana wa Makka, garin da ba itace. Na zaci dabino, ko magaryar hanyar kasuwa. Ta yi ɗan tudu kamar sauran. A kansa ta ja layi huɗu a karkace, suka haɗu suka yi rabin garwa. Ta ce in mayar da wuƙar wuta. Da wuƙar ta sake yin ja, ta fitar da ɗan kara daga cikin garwar, ta yi masa ganye ƙanana. Filin ya cika, ganyen ƙarshe har yana taɓa reshen ɗorawar.

Ta miƙo mini wuƙar ta ce, "Kashe wutar, an gama."

Watan bai ƙare ba muka kai ta makwancinta.

Ƙwaryar tana wurina. Misfalar da na sani an rushe ta, rumfunan da fitilunsu sun canza, ni kuma har yau ban taɓa ganin ɗorawa a tsaye ba. Da na gama ba jikata labari na sa ta ɗauko ƙwaryar daga saman kabad. Ta juya ta a hankali, ta wuce ɗorawar tunda yanzu ta san ta, ta tsaya a kan na ƙarshe. Ta ce ita da ba a gaya mata ba, da cewa za ta yi kaskon turare ne da hayaƙinsa. Na ce ta je ta samo alƙalami mai kama jikin ƙwarya. Ta ce ai za a ɓata kayan tarihi. Na ce kayan kakata ne, ta rubuta a gefe, ƙanana, yadda na Meziko suka yi. Ta rubuta Ɗorawar Dutse, ta rubuta Kuka, ta rubuta Rimi. Da ta zo kan garwar ta ɗaga kai ta ce, "A nan Makka zan sa?"

Na ce ta sa Makka, a ƙarƙashi kuma ta sa gonar jikar Kaka.